Yadda Ake Kai Baƙo Kallon Sallah a Ƙasar Gumel

Duk ɗan Gumel ko Maigatari da aiki ya kai Abuja, Legas ko Fatakwal ya san wannan roƙo. Da Sallah ta ƙarato sai abokin aiki ya ce, "Wai bana ba za ka tafi da ni garinku in ga hawan nan ba?" Yawanci sai a ce masa to, a sa shi a mota, a sauke shi bakin titi cikin rana da ƙura. Ya ɗauki hotunan dawaki, ya ci naman Sallah, ya koma bai san abin da ya gani ba. Wani ma sai ya bar ɓacin rai a bayansa, don ya ɗauki hoton matar da ba ta yarda ba, ko ya gifta gaban masu salla. Ba baƙon ke da laifi ba, wanda ya kawo shi ne bai shirya masa ba. Saboda haka wannan jagora ta mai kawo baƙon ce, ko da mutum ɗaya zai kawo, ko mota guda ta ɗalibai.

Akwai wata ƙaramar masarauta a tsaunukan Himalaya, tsakanin Indiya da Sin, sunanta Butan. Mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, akasarinsu mabiya addinin Buda. Sai a 1974 ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido. Abin da ke kai mutane can shi ne bukukuwan addini da suke kira Tshechu, inda ake raye-raye da fuskokin katako a farfajiyar manyan gidajen ibada, sai kuma gidajen ibadar su kansu, irin Paro Taktsang da aka gina a 1692 a jikin dutse, a tsayin sama da mita 3,000 daga matakin teku. Addininsu daban namu daban, kuma ba shi nake son a duba ba. Tsarin karɓar baƙinsu nake son a duba. Baƙo yana shiga waɗannan wurare ne tare da jagora ɗan ƙasa. Ya rufe jikinsa, ya tuɓe takalmi a bakin ɗakin ibada, ba ya ɗaukar hoto a ciki. Tun daga Satumba 2023 baƙin ƙasashe da dama na biyan dala 100 kowane dare a matsayin harajin raya ƙasa, bayan an rage shi daga dala 200. Mutanen Butan sun tsaya kan cewa biki na masu shi ne, kuma wanda ya zo kallo shi zai bi tsarin biki, ba biki ne zai bi shi ba.

Mu ba sai an kafa mana doka ba, don muna da abin da ya girmi dokar, wato mai masauki. Da ɗan gari akan ci gari. Matakin farko ke nan, kuma idan ya lalace sauran duk sun lalace. Ko kai haifaffen Gumel ne, in dai ka yi shekaru a waje, nemi wanda yake zaune a garin yanzu, wanda ya san mai unguwa, ya san wani a cikin fadawa, ya san wane alaramma ke karɓar baƙi wane ne ba ya so. Ka yi masa magana tun kafin Sallah da wata guda. Ka gaya masa adadin baƙi, maza nawa mata nawa, Musulmi ne ko akwai waɗanda ba Musulmi ba, akwai tsoho ko mai ciwon suga da ba zai jure tsayuwar rana ba. Batun wurin kwana a gama shi tun lokacin, domin masaukan haya a Gumel ba su da yawa, kuma da Sallah 'yan gari da suka dawo gida kan cika su. In da hali, baƙo ya kwana a gidan mutane ya fi. Maza a ɗakin zaure ko shago, mata a cikin gida. Baƙuwar da ta kwana cikin gida daren Sallah za ta ga kitso da lalle da girkin asuba, abin da namiji baƙo ba zai taɓa gani ba.

Zaɓen lokaci

Sallah tana bin wata ne, don haka kowace shekara takan matso baya da kimanin kwana 11. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, Babba kuma 16 ga Yuni. A 2025 aka yi su 30 ga Maris da 6 ga Yuni. Ka ga a 'yan shekarun nan duk a cikin zafi suke faɗowa, kuma zafin arewacin Jigawa a watan Afrilu yakan haura digiri 40. Baƙon da ya saba da sanyin ofis sai an yi masa tanadin ruwa da inuwa da hula. Ka kuma gaya masa tun farko cewa ranar Ƙaramar Sallah ba ta tabbata sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka ya ba hutunsa rarar kwana ɗaya. Babbar Sallah ta fi sauƙin shiri, tunda ana sanin ranarta da zarar watan Zulhajji ya kama, saura kwana tara ke nan.

In an bar mini zaɓi, Babbar Sallah zan zaɓa wa baƙon farko, saboda dalili ɗaya: kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, kuma Alhamis ɗin da ke gaban Layya ita ce kasuwar raguna. Ku iso Laraba, ku ci kasuwa Alhamis, ku zauna har Sallah. Ƙaramar Sallah kuma tana da nata daɗin, tafsiri da tahajjud na goman ƙarshe, ɗinki da hada-hadar daren Sallah, amma baƙon da ba ya azumi sai an ja masa kunne kada ya ci ko ya sha a bainar jama'a. Kafin ku taso ka sake tabbatarwa cewa za a yi hawa. Akan dakatar da shi idan wani dalili ya taso, kamar yadda annobar korona ta sa masarautu da dama suka yi a 2020.

Daga Kano zuwa Gumel kimanin kilomita 120 ne, arewa maso gabas. Ku taso da safe, mota cike da mai, da tsabar kuɗi ƙanana a hannu, don masu POS kan yi ƙarancin kuɗi da Sallah, hanyar sadarwa kuma takan cushe. In kun bi ta Gujungu ran Lahadi, kasuwa za ta riƙe ku, ku sa wannan a lissafi. Gagarawa na kudu da Gumel, kuma in da lokaci ku ratsa ku ga tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. Ba wurin daɗewa ba ne, amma yana buɗe hira kan zamanin gyaɗa, lokacin da amfanin gonar wannan yanki ke bin dogo zuwa Kano.

Alhamis a Maigatari

Daga Gumel zuwa Maigatari kilomita 20 ne da 'yan kai, kuma gari ne na bakin iyaka da Nijar. Ku shiga da hantsi. Da sassafe dabbobi ba su gama shigowa ba, da azahar kuma rana ta yi tsanani, ƙura ta tashi.

Kada ka shigar da baƙo kara kai kaɗai. Nemi dillali ta hannun mai masaukinka, ka gaya masa gaskiya cewa kallo kuka zo ba saye ba, kuma za a ba shi ladan lokacinsa. Wannan gaskiyar tana da muhimmanci, domin ranar kasuwa ita ce ranar neman abincinsa, kuma idan ya yi zaton ciniki ne ya bar wasu ya bi ku, kun cuce shi. Dillali ne zai nuna wa baƙo abin da ido kawai ba ya gani: bambancin balami da uda da ɗan ƙasa a cikin raguna, farin bunaji da jan rahaji da bokolo a cikin shanu, amale da taguwa a wajen raƙuma. Shi zai nuna yadda ake buɗe bakin dabba a duba haƙora a san shekarunta, yadda ake taɓa gadon baya da gindin wutsiya a san ƙiba, da dalilin da ya sa mai Layya ba ya sayen rago mai ido ɗaya ko gurgu ko ramamme. A wajen dawaki kuma baƙo zai ji sunayen launi, akawal da kili da hurde da danda, waɗanda zai sake gani ran hawa cikin ado. Wanda ya ga doki tsirara a turke ran Alhamis ya fi fahimtarsa idan ya gan shi da jalala ran Sallah.

Ka koya wa baƙo ƙa'idar ciniki tun a mota. Ba a taya abin da ba a da niyyar saye. In ka taya mai kaya ya ce "albarka", bai sallama ba ke nan, ko ka ƙara ko ka wuce. In ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, kuma janyewa bayan nan abin kunya ne, ga la'adar dillali da ta hau. Baƙi da yawa kan ɗauka taya wasa ne, su yi ta jefa farashi don nishaɗi, su bar mai masauki da ba da haƙuri.

Bayan kara ku zaga wajen hatsi da riɗi da zoɓorodo, wanda ake loda wa manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, da dabino da kanwa da ke shigowa daga Nijar, da 'yan canji masu naira da sefa. A nan baƙo zai ji Hausa da Fillanci da Barbarci da harshen Buzaye cikin taku kaɗan. Kanwar nan tana da tarihi. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya bi ta Gumel a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da garin babbar kasuwar kanwa ce. Cinikin da baƙonka ke gani a yau ci gaban wancan ne.

Iyaka kuwa a yi hattara da ita. Ba a ɗaukar hoton jami'an kwastan ko na shige da fice, ko shingensu. Kada wani ya ruɗe ku da cewa ku ɗan taka ƙasar Nijar ku dawo, in babu takardu. An rufe wannan iyaka a Agusta 2019, aka buɗe ta a Disamba 2020 tare da Seme da Illela da Mfum, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk ɗan kasuwar da kuka zauna da shi zai ba ku labarin abin da waɗannan rufe-rufe suka yi wa garin, kuma wannan hira ta fi hoton shinge amfani.

Abin da za ka gaya masa kafin ya ga Sarki

Baƙon da bai san tarihi ba, duk rawani ɗaya ne a wurinsa. Daren jajibere, bayan an ci tuwo, ka zaunar da shi ka ba shi labari a taƙaice. Jihar Jigawa, da aka ƙirƙira a 1991, tana da masarautu biyar: Dutse, Haɗeja, Kazaure, Ringim da Gumel. Gumel, wadda ake wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ta bambanta da sauran huɗun ta wajen asali. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750 ƙarƙashin Ɗan Juma, ta kasance tana bin Borno, kuma ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba bayan jihadi. Tsohuwar hedikwatarta Tumbi tana cikin Nijar a yau. A zamanin Sarki Ɗan Tanoma aka dawo da gadon sarauta Gumel. Ƙasa ce da ta rayu a tsakanin manya, Kano da Haɗeja da Damagaram, ta sha yaƙi da su, har Turawa suka zo a 1903. Sarki na yanzu, Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu, ya haura shekara 40 a kan karaga.

Idan baƙo ya ji wannan, lifidi da kwalkwali da mashin da zai gani gobe za su tashi daga ado su zama shaidar yadda ƙaramar ƙasa ta tsare kanta.

In ana son kai gaisuwa fada, ba ranar Sallah ake neman izini ba. Mai masauki ya bi ta hannun wanda ya dace tun da wuri, a sa muku lokaci, kuma in aka ce babu hali a karɓa da daɗin rai. In an samu, ga abin da za ka koya wa baƙo. Ya sa tufa mai rufe jiki, namiji da hula, mace da mayafi. Ya tuɓe takalmi inda ya ga an tuɓe. Ya zauna ƙasa inda aka nuna masa, kada ya miƙe ƙafa, kada ya miƙa wa Sarki hannu sai in Sarki ne ya fara miƙowa. Ya ce "Ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin Sarki". Ka gaya masa kada ya yi mamaki in ya ji fadawa ne suka amsa da ƙarfi cewa an gaishe shi, haka tsarin yake, ba wulaƙanci ba ne. Waya ta kasance a kashe, hoto kuma sai an ce a ɗauka.

Ranar Sallah

Ku fita da wuri, kuma a ƙafa, don mota za ta zame muku kaya. Baƙo Musulmi ya ɗauki dardumarsa ya shiga sahu. Wanda ba Musulmi ba a samar masa inuwa a gefe ko bayan sahu, tare da wani yaron gida da zai tsaya da shi. Kada ya gifta gaban masu salla, kada ya shiga tsakanin sahu da kyamara. Sallar idi raka'a biyu ce, ba ta da tsawo, sai huɗuba. A Babbar Sallah ka nuna masa lokacin da liman zai yanka ragonsa, ka bayyana masa cewa sai bayan nan jama'a ke zuwa su yanka nasu.

Ina son a tsaya a nan a fahimci abu ɗaya. Salla ce asali, hawa biyo baya ne. Mutanen da suka cika filin nan ba don baƙo suka taru ba, kuma da babu mai kallo ko ɗaya da za su yi abinsu yadda suka saba. Mai jagoran da ya riƙe wannan a ransa ba zai tura dattijo gefe don baƙonsa ya sami wurin ɗaukar hoto ba.

Wurin tsayuwa a zaɓe shi tun jajibere. Wuri biyu ne masu kyau: bakin hanyar da Sarki ke bi ya koma gida, inda ake ganin jerin gwano tawaga bayan tawaga, ko ƙofar fada inda ake jafi. Ba a samun duka biyun sai an yi gudu cikin cunkoso, kuma ban ba da shawarar haka ba. In da tsoho ko yara a cikinku, a nemi gidan da ke bakin hanya a roƙi alfarmar dakali ko soro.

Aikinka a wannan sa'a shi ne fassara abin da ke wucewa. Kowane hakimi da tawagarsa, da kalar kayansu, da makaɗansa da maroƙansa, kuma daga kirarin da ake yi ɗan gari ke gane wane ne tun kafin ya ga fuska. Nuna masa zagage da ke tafe a ƙasa gaban doki, da 'yan lifidi cikin rigunan auduga masu kauri da aka yi don tare kibiya da mashi, da 'yan bindiga, da dogarai cikin ja da kore. Ka gargaɗe shi kan ƙarar bindiga tun kafin a harba, musamman in akwai yara. Ka sa ya saurari bambancin algaita da kakaki, ya san cewa kakaki da tambari ba na kowa ba ne, na sarauta ne. Idan ya hango laima, Sarki ya iso. Jama'a za su ɗaga hannu a dunƙule suna jinjina, shi ma yana iya yi.

A ƙofar fada mahaya kan zo a sukwane su ja linzami gaban Sarki su ɗaga hannu ko mashi, wannan ne jafi, kuma shi ne mubaya'ar da hakimai ke sabuntawa kowace Sallah. Nan ne kuma hatsari yake. Doki a guje ba ya ganin mai kyamara. Inda dogari ya ce a tsaya, nan za a tsaya. Kada a bi ta bayan doki, kada a haska masa fitilar kyamara a ido. Bayan jafi Sarki kan yi jawabi, kuma ka daure ka fassara wa baƙo, don a nan zai ji abin da ke damun ƙasa a wannan shekara, ko damina ce, ko rigakafi, ko karatun yara, ko zaman manoma da makiyaya. Kwanakin da ke biye akwai sauran hawa, irin wanda masarautu da dama ke kira Hawan Bariki, kuma sau da yawa baƙo ya fi sakewa a cikinsu don ya riga ya san abin da yake kallo.

Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, kuma Kano ta cancanta. Amma a Gumel baƙo na iya tsayawa kusa, ya ga fuskar mahayi, da yamma kuma a kai shi gidan da aka kwance wa dokin sirdi ya gaisa da mai shi. Wannan kusanci shi ne jarin Gumel, kuma rashin ladabin baƙi ne kaɗai zai iya ɓatar da shi.

Ziyarar tsangaya

Wanda ya je Butan yakan hau dutse ya ga inda masu neman ilimin addininsu suka keɓe kansu. A ƙasarmu mai neman irin wannan sai a kai shi tsangaya. Ƙasar Gumel tana kan hanyar gabas, hanyar da almajirai suka daɗe suna bi zuwa Borno neman Alƙur'ani, kuma a garuruwa da ƙauyukan yankin ba a rasa alaramma da almajiransa.

Sai dai lokacin Sallah makarantu kan tashi hutu, haka ma daga yammacin Laraba zuwa Juma'a. To a tambayi malam tun da wuri yaushe ake karatu, a daidaita ziyara da shi, ko kafin hutu ko bayan an dawo. Lokaci mafi kyau shi ne bayan asuba, ko da dare idan an hura wuta an kewaye ta da alluna. A yi sallama daga nesa, a tuɓe takalmi kafin a hau tabarma ko buzu, a gaida malam da "Allah gafarta Malam". Baƙo kada ya taɓa allo ko Alƙur'ani, kada ya tsallake su, kada ya zauna sama da inda aka ajiye su.

In malam ya saki jiki, roƙe shi ya nuna yadda ake feƙe alƙalami daga gamba, yadda ake haɗa tawada da ƙaro, yadda ɗalibi ke wanke allo idan ya haddace a biya masa na gaba. Ya bayyana matakan, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har wanda ya kai a kira shi alaramma ko gwani. In an yi sa'a akwai gardin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, a kan warwarar takarda, da jan wasali da zayyana, baƙo zai ga aikin da ke cin watanni ana yi, wanda sau da yawa ko 'yan gari ba su tsaya sun duba ba.

Baƙo mai hankali zai yi tambaya kan yaran da ya gani da kwano a tasha da kasuwa, kuma kada ka kauce masa. Gaya masa gaskiya, cewa akwai karatu na gaske a tsangaya, akwai kuma yaran da iyaye suka turo ba guzuri, yunwa da rashin magani na cin su, kuma mu kanmu muna jayayya kan yadda za a gyara. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗauki hoton yaro cikin tsumma a watsa a Facebook. Yaron yana da iyaye, yana da mutunci, kuma gobe zai girma ya ga hoton. Kyauta kuma a damƙa ta hannun malam: buhun gero, sabulu, tabarmi, gidan sauro, takardar rubutu. Watsa wa yara kuɗi yana jawo turmutsutsu, manya su danne ƙanana.

Ƙauye, da batun kuɗi

In kwana ya rage, ku yi yamma zuwa ƙauyukan Sule Tankarkar. Ba wani gini za a nuna wa baƙo ba. Gona ce da rumbu da rijiya da rugar Fulani, da fura da nono mai sanyi a ƙwarya. A fara da gaida dagaci ko mai unguwa, da ɗan goro a hannu, shi zai haɗa ku da wanda zai zaga da ku. Namiji baƙo ya tsaya a zaure sai an ce ya shigo. Wanda ya ga wannan ya so ya dawo, ka ce masa ya zo da kaka, bayan an yi girbi, lokacin dambe da kokawa da bukukuwan aure, ga sanyi ya fara sauka.

Saura kuɗi, wanda mukan ji nauyin magana a kai. Mu ba mu da harajin dala 100, kuma ban ce a ƙirƙiro shi ba. Amma bai dace baƙo ya zo ya ci ya sha ya kalla, ya tafi garin bai amfana da komai ba sai ƙurar motarsa. Tun kafin a taso ka tara abin da kowa zai bayar, ka kasa shi: na cefanen gidan da aka sauka, wanda za a ba uwargida a hannunta don ita ta sha hayaƙi, na dillalin Maigatari, na yaron da ya yi ta zirga-zirga da ku, na makaɗa da maroƙa idan sun yi wa baƙo kirari, na tsangaya. Mai masauki zai ce ba ya karɓa, kuma da gaske yake, to a yi masa tsaraba daga can, turare ko shadda, a kuma yi wa yaransa barka da Sallah. Tsarabar komawa a saye ta a nan, kilishi da kantu da dabino da zoɓorodo da tabarma da hular saƙa, kuma kada a matse mai sana'ar hannu a ciniki har ya sayar a faɗuwa.

Hotunan da aka ɗauka da izini a wanke wasu a aiko wa masu su, musamman mahaya da malam, don sukan tambaya. Ranar tafiya a bi gidajen da aka shiga a yi sallama ɗaya bayan ɗaya, wannan kan ci sa'a biyu ko fi, don haka a fara da hantsi, a kama hanyar Kano da sauran rana, a isa kafin magariba.